Nazarin Lamari: Yadda Aka Koya wa Tsohon Masunci na Cikin Wasan Waya Fushi Irin na Manya

Asalin aikin

Matashin da wannan nazari ya shafa mazaunin Birnin Kebbi ne, ɗan asalin ƙasar Argungu, wanda ya karanta ilimin kwamfuta kuma yake aiki da rana a wani shagon buga takardu da cike wa ɗalibai fom ta intanet. Da dare, idan an kawo wuta ko batirin solar shagon ya rage da sauran caji, yakan zauna da tsohuwar laftof ɗinsa yana gina wasan bidiyo na wayar hannu. Na san aikin tun yana kan takarda, na kuma halarci mafi yawan zaman gwajin da za a ambata, don haka abin da ke tafe ya fito ne daga abin da na gani da idona da kuma littafin da yake rubuta ci gaban aikin a ciki. Aikin ya ɗauki wata 14, daga kakar wata shekara zuwa hunturun shekarar da ta biyo baya.

Wasan a kan sarkanci yake. Mai wasa yana tafiyar da wani yaron birni da aka tura hutu gidan kawunsa a wani ƙauye na bakin kogi, domin ya koyi sana'ar su, ya iya jefa birgi da ɗaura mamari da tuƙa jirgi, har ya kai matsayin da za a bar shi ya shiga ruwa da homa da gora a ranar bikin kamun kifi. Bikin na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da shekarar 1934 kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, shi ne ƙarshen labarin, kuma babban burin mai wasa shi ne ya fito daga kogin Matan Fada da giwan ruwa. Matashin ya zaɓi manhajar gina wasanni ta Godot, wadda aka buɗe wa kowa kyauta tun 2014, saboda ba ta da nauyi kuma laftof ɗinsa tana iya ɗaukarta. Ya kuma gindaya wa kansa sharuɗɗa uku: wasan ya yi aiki ba tare da data ba, ya gudana a ƙananan wayoyin Android da yawancin yaran unguwa ke riƙewa, kuma duk maganar da ke cikinsa ta kasance da Hausa.

Sashen kamun kifin bai ba shi wahala ba. Inda matsalar ta taso shi ne Kawu, tsohon masuncin da kwamfuta ke sarrafawa, wanda kusan duk abin da yaron zai koya ta hannunsa yake biyowa. A shafin farko na littafinsa matashin ya rubuta manufarsa game da wannan tsoho cikin jimla guda: mai wasa ya ji nauyin Kawu. Wannan jimla ita ce ma'aunin da aka auna duk gwaje-gwajen da suka biyo baya da shi.

Wata na 1 zuwa na 3: ma'auni ɗaya da fuskoki shida

Ginin farko mai sauƙi ne. An ba Kawu ma'auni guda na jin daɗi, daga 0 zuwa 100, yana farawa daga 50. Idan yaron ya kama kifi sai a ƙara 5, idan ya yaga raga a cire 10, idan ya wuce Kawu da safe bai gaishe shi ba a cire 5. Ma'aunin yana bayyane a saman allon waya kamar sanda mai cika da raguwa, irin tsarin da wasan The Sims ya yi fice da shi tun fitowarsa a 2000, inda ake ganin yunwa da gajiya da kaɗaicin kowane mutum a ma'auni. Domin fuska kuwa, matashin ya dogara da aikin masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, Paul Ekman, wanda ya ware motsin rai guda shida da ya ce ana gane su a fuska a ko'ina cikin duniya: farin ciki, baƙin ciki, fushi, tsoro, ƙyama da mamaki. Wani abokinsa mai zane ya zana wa Kawu fuskoki shidan. Idan ma'auni ya haura 70 sai murmushi, idan ya sauka ƙasa da 30 sai haɗe gira da jan ido, sauran fuskokin kuma suna fitowa a lokuta na musamman, kamar kifewar jirgi.

An yi gwajin farko a shagon bayan la'asar da yara tara na unguwa, masu shekara 12 zuwa 17, kowanne ya yi minti 20 a ɗaya daga cikin wayoyi biyu. Kafin minti goma yawancinsu sun gano lissafin. Wani yaro mai shekara 14 ya riƙa kifar da jirgi da gangan domin ya ga jar fuskar, yana dariya yana nuna wa 'yan uwansa, sannan ya juyo ya ce wa matashin, "Yaya, ka ga tsohon nan, karfasa biyu kawai yake so ya huce." Daga rana ta biyu ta cikin wasan babu wanda ya sake tsayawa gaisuwa, domin gaisuwa tana cin lokaci kuma kifi ɗaya yana biyan bashinta. Idanunsu duk a kan sandar ma'auni suke, da wuya wani ya kalli Kawu.

Matashin ya ɓoye sandar ya sake gwadawa bayan mako biyu. Babu abin da ya canja, domin fuskar ce ta koma ma'aunin, yaran suna karanta ta kamar yadda suke karanta alamar cajin batir.

Wata na 4: gyaran fuska

Ya ɗauka cewa zanen ne ya yi kama da na katun, shi ya sa ba a ɗaukar tsohon da muhimmanci. Sai ya kashe wata guda yana gina kan Kawu mai kama da na mutum, da girar da ke motsi da leɓɓan da ke bin magana. Ƙananan wayoyin suka fara zafi, hoto yana tsinkewa, kuma wata yarinya cikin masu gwajin ta ajiye wayar ta ce idanunsa kamar na gawa suke. Wannan shi ne abin da injiniyan mutum-mutumi ɗan Japan, Masahiro Mori, ya bayyana a 1970: siffar da ta kusa kama da mutum amma ba ta kai ba ta fi tayar da tsigar jiki fiye da wadda tun farko ba ta yi da'awar kama da shi ba. An koma zanen farko.

Wata na 5 da na 6: ƙirƙirarriyar basira

Mataki na gaba ya saɓa wa sharaɗinsa na farko, amma ya ce zai gwada ne ya gani. Ya haɗa Kawu da ɗaya daga cikin manyan manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu hira, ya rubuta mata bayanin halin tsohon, ya bar mai wasa ya rubuta duk abin da yake so Kawu ya amsa. A daren farko shi kansa ya yi mamaki, domin Kawu yana amsa tambayoyin da ba a taɓa shirya masa ba.

A gwaji kuwa matsaloli suka jeru. Kowace jimla sai ta tafi kwamfutocin kamfanin a ƙasar waje ta dawo, kuma idan sabis ya yi rauni amsa takan ɗauki daƙiƙu masu yawa ko ta ƙi zuwa. Kuɗin amfani da dala ake lissafa shi a kan yawan kalmomi, abin da ke nufin duk ƙaruwar masu wasa ƙaruwar bashi ce a kansa. Hausar da ke fitowa ba ta bakin kogi ba ce, wani lokaci ma ana jin ƙamshin fassara a jikinta. Amma abin da ya fi damun matashin shi ne halin da Kawu ya koma. Tsohon ya zama mai yawan magana, mai bayyana duk abin da ke ransa, yana cewa ya ji takaici amma ya fahimci yadda yaron yake ji, kuma idan yaro ya matsa masa sai shi Kawun ya ba da haƙuri. Yaron nan mai kifar da jirgi ya lallaɓa shi cikin jimloli huɗu har ya yarda cewa ba a taɓa yaga wata raga ba. Aka cire wannan haɗi a ƙarshen wata na shida, kuma aikin ya tsaya cak.

Wata na 7: kwana biyar a bakin ruwa

A wannan wata matashin bai buɗe laftof ba. Ya tafi gida wani suna, ya ƙara kwanaki, yana zuwa bakin ruwa da sassafe yana zama kusa da wasu dattawan masunta da suka san mahaifinsa. Bai je da niyyar bincike ba, amma abin da ya rubuta a waɗannan kwanaki biyar ya fi duk sauran littafin tsawo.

Akwai wani dattijo da ke koya wa 'ya'yan ƙanensa biyu sana'ar su. Ranar farko babban yaron ya kuskure wani babban kifi da ya riga ya shiga hannu, kifin ya fizge ya tafi, dattijon ya yi dariya ya ce rabon wani ne. Rana ta biyu yaron ya bar birgi a gefen ruwa ya tafi kallon ƙwallo, dabbobi suka bi ta kai suka yaga shi, da aka tambaya kuma ya ce shi bai san wanda ya bari a nan ba. Dattijon bai ce komai ba. Ya ɗauki ragar ya zauna a gindin bishiya ya fara ɗinki. Washegari yaron ya zo ya durƙusa ya ce, "Ina kwana, Baba." Dattijon, wanda a kullum sai ya tambayi gajiya da sanyi da mutanen gida har ya tsokani yaron a kan yawan barci, ya ɗan jinkirta, hannunsa bai bar zaren ba, kansa bai ɗago ba, ya ce, "Lafiya." Da lokacin shiga ruwa ya yi, sai ya kira ƙaramin ya miƙa masa filafili. Babban ya wuni yana kai da kawowa a bakin ruwa kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki, yana kwashe ruwa daga jiragen da ba wanda ya sa shi. A rana ta huɗu matar dattijon ta kawo fura, ta tsaya ta yi magana da mijinta a hankali, yaron kuma ya zo bayanta ya durƙusa ya faɗi gaskiya. A nan ma dattijon bai ce ya yafe ba. Sai da safiyar rana ta biyar ya jefa wa yaron ragar da ya gama ɗinkewa ya ce, "Ɗauko gora, rana tana yi."

Matashin ya samu dama ya tambaye shi, cikin ladabi, dalilin da ya sa bai yi wa yaron faɗa ba. Dattijon ya ce, "Ɗana, mi zan ce mai gaban mutane? Raga ai ana ɗinke ta. Cewar da ya yi bai sani ba ita ta yi mini zafi." A ƙarƙashin wannan magana matashin ya rubuta cewa cikin kwana biyar bai ga ko ɗaya daga cikin fuskoki shidan da ya sa aka zana ba, amma duk wanda ke bakin ruwan, har da yara ƙanana, ya san ranar da fushin ya fara da ranar da ya ƙare.

Wata na 8 zuwa na 11: sabon gini

Da ya dawo sai ya rushe ma'aunin nan guda ya fara daga tushe. Ya samu madogara a tsarin da masana uku, Ortony da Clore da Collins, suka fitar a 1988, wanda masu gina mutanen kwamfuta suka daɗe suna amfani da shi. Tsarin ya kasa motsin rai gida 22, amma abin da ya amfane shi shi ne tushensa: motsin rai yana fitowa ne daga yadda mutum ya auna abin da ya faru, ko ya taimaki burinsa ko ya ɓata shi, da yadda ya auna aikin wani, ko ya dace da ƙa'idojin da yake girmamawa ko ya saɓa musu. Kuɓucewar kifi ta taɓa buri kawai, kuma babu hannun kowa a ciki. Barin raga sakaci ne, musun kuma ya taɓa ƙa'ida. Da wannan ya fahimci dalilin dariyar ranar farko da shirun rana ta uku.

Abu na farko da ya ba Kawu shi ne tunawa. Duk abin da ya faru ana ajiye shi da bayanai biyar: mene ne, wa ya yi, da gangan ne ko sakaci ko ƙaddara, su wa ke wurin, da kuma ranar da ya faru. Ba sabon abu ba ne a wannan fage, domin wasan Shadow of Mordor na 2014 ya yi suna da abokan gaba masu tuna karon da suka yi da mai wasa su kuma ambata masa shi idan sun sake haɗuwa. Bambancin shi ne Kawu yana tunawa amma ba lallai ya ambata ba.

Abu na biyu, ya raba zuciyar Kawu hawa uku gwargwadon saurin canjawarsu. Hawa na sama shi ne motsin rai na nan take, kamar firgita idan jirgi ya karkata, wanda ke gushewa cikin ƙasa da minti guda. Na tsakiya shi ne yanayi, wanda ke raguwa da rabi duk bayan kwana biyu na cikin wasa. Na ƙasa shi ne yarda, wadda ba ta motsi sai da abu mai nauyi: ƙarya, shiga gurbin da Sarkin Ruwa ya hana a yi su, ko kuma a ɗaya ɓangaren, faɗin gaskiya a lokacin da ƙarya za ta fi sauƙi. Kamun kifi, ko da guda ɗari ne, ba ya taɓa wannan hawa. Da wannan aka toshe hanyar sayen Kawu da karfasa.

Abu na uku shi ne wanda ya fi cin lokaci, kuma a littafinsa ya sa masa suna kawaici. Wani mataki ne da ke tsakanin abin da Kawu yake ji da abin da yake nunawa. Idan akwai baƙi a wurin, kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na fushin ke fitowa. Yabo ba ya zuwa kai tsaye ga yaron, sai dai mai wasa ya ji Kawu yana faɗa wa wani masunci cewa yaron nan hannunsa ya fara faɗawa. Abin lura a nan shi ne Ekman ɗin da fuskokinsa suka ɓatar da watanni uku, shi da abokin aikinsa Wallace Friesen sun riga sun yi magana tun 1969 a kan ƙa'idojin da kowace al'umma ke da su na wanda zai nuna wane motsin rai, a gaban wa, kuma a wane lokaci. Matashin ya ɗauki rabin darasin ne a karon farko.

Da aka rufe fuska, sai aka buɗe wasu ƙofofi, kuma dukkansu masu arha ne ga ƙaramar waya. Babbar ƙofa ita ce gaisuwar safe, wadda aka ba ta matakai biyar. Idan zuciyar Kawu fari ce, gaisuwa takan bi ta kwana da gajiya da sanyi da labarin mutanen birni ta ƙare da tsokana. Idan akwai damuwa sai ta ragu zuwa uku, ko biyu, ko kalma ɗaya. Sai kiran suna: "ɗana" a lokacin yarda, "yaro" a tsaka-tsaki, "kai" idan abu ya ɓaci, ko kuma ya aika saƙo ta bakin wani alhali yaron yana tsaye a gabansa. Sai jinkirin amsa, daga rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa biyu da rabi. Sai wanda ake miƙa wa filafili, da irin homar da ake ba yaron, sabuwa ko mai faci, da ko Kawu ya juyo ko ya ci gaba da ɗinki. Matashin ya kuma ɗauki muryar wani kawunsa na gaske a waya, ba dogayen jimloli ba, sai gyaran murya da "to" da "madalla" da "uhm" iri uku, waɗanda gaba ɗaya ba su kai girman hoto ɗaya ba.

Wajen zaɓen abin da Kawu zai faɗa, ya bi hanyar da kamfanin Valve ya yi amfani da ita a wasan Left 4 Dead na 2008: kowace jimla tana da sharuɗɗanta, kuma a kowane lokaci jimlar da sharuɗɗanta suka fi yawa kuma duk suka cika ita ke fitowa. Jimlar da sharaɗinta kawai "safiya ce" tana jiran ranar da babu komai, amma wadda ke buƙatar safiya, da ragar da aka yaga jiya, da musu, da baƙo a wurin, ita za ta riga ta idan duk sun haɗu. Ya rubuta jimloli kusan 380 da hannunsa, ya karanta wa mahaifiyarsa su, ita kuma ta soke duk wadda ta ce babba ba zai faɗa ba.

An samu tangarɗa guda a wata na 10 da ta cancanci ambato. A wasan akwai ɗan Kawu, wanda ke matsayin taubashin yaron, ɗan namiji da ɗan mace, kuma tsakaninsu akwai tsokana. Tsarin ya riƙa lissafa kowace tsokana a matsayin rashin kunya, har Kawu ya yi fushi da yaran biyu a kan abin da a gida dariya ake yi masa. Gyaran shi ne a ƙara wa kowace magana tambayar wa ya faɗa wa wa, ta yadda kalmar da take zagi idan an faɗa wa Kawu ta zama zumunci tsakanin taubasai.

Wata na 12: Kawun da ba ya hucewa

Gwaji na gaba da yaran nan tara ya nuna canji tun daga minti na farko, domin babu wanda ya kifar da jirgi don wasa. Amma wata sabuwar matsala ta fito. Yara uku da suka yi kuskure a farkon wasan sun maƙale: Kawu ya daina ba su filafili, rashin filafili ya hana su shiga ruwa, rashin shiga ruwa ya hana su damar yin abin da zai gyara tsakaninsu, sai sanyin ya ci gaba da ƙaruwa. Biyu daga cikinsu suka ajiye wayar, ɗaya ya ce Kawu ya tsane shi. Wata yarinya kuma ta ga gaisuwa ta gajarce amma ta kasa gano laifinta, domin abin ya faru kwana uku baya a cikin wasan.

Matashin ya koma shafukan bakin ruwa, ya ga cewa ya gina shirun dattijon amma ya manta da furar da matarsa ta kawo. Gyare-gyare huɗu aka yi. An ƙara Inna, matar Kawu, wadda idan yaron ya je wurinta take gaya masa abin da ya ɓata ran mijinta, kuma idan ya roƙe ta takan sa baki. An buɗe ƙananan ayyuka da ba sa buƙatar izini, kamar kwashe ruwa daga jirgi da shanya raga, waɗanda Kawu ke gani ko da bai tanka ba. An ƙara zaɓin zuwa a durƙusa a amsa laifi, amma sakamakonsa ba ya fitowa nan take sai gaisuwar washegari. Na huɗu, an raba ƙauna da yarda: yarda tana iya faɗuwa ƙasa, amma ƙauna ba ta sauka ƙasa da 40, don haka ko a ranar da Kawu ya fi fushi, yaron zai tarar an ajiye masa kasonsa na kifi a rufe da faifai.

Wata na 13 da na 14: gwajin ƙarshe

An yi shi da mutum 14, tara na da da sababbi biyar, kowanne ya tafi da wasan a wayarsa ko ta gidansu na mako guda, sannan aka taru a shagon. Goma sha ɗaya daga cikinsu suna tsayawa gaisuwa kowace safiya ta wasan, duk da cewa gaisuwar ba ta ƙara maki ko ɗaya. Babu wanda ya daina saboda maƙalewa. Biyu daga cikin sababbin sun ɗauka wayar ce ta tsaya a lokacin jinkirin amsa, saboda haka aka rage shi zuwa ƙasa da daƙiƙa biyu, aka kuma sa hannuwan Kawu su ci gaba da ɗinki domin a san da gangan ne.

Na zauna kusa da yaron nan da ya ce karfasa biyu ke sa tsohon ya huce. Ya yaga birgi, aka ba shi zaɓi, ya zaɓi musu. Da gari ya waye a wasan ya gaida Kawu, aka ɗan yi shiru, sai kalma ɗaya ta fito a allon. Yaron ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya juyo ya rage murya ya ce, "Yaya, yaya ake ba shi haƙuri?" Matashin ya ce masa ya yi abin da zai yi a gida. Yaron ya nufi wurin Inna.

Wasan yanzu yana aiki ba data, yana gudana a wayoyin da aka yi niyya, kuma ana tura shi daga waya zuwa waya tsakanin abokai, amma ba a ɗora shi a kasuwar manhajoji ba tukuna.

Hukunci

A ganina ƙoƙari ukun farko sun gaza ne saboda dalili ɗaya, wato an nemi motsin rai a wurin da ya fi bayyana, a fuska ko a yawan magana, alhali a wurin dattijon Bahaushe nan ne ya fi ɓoye shi. Ma'auni guda ya mayar da kowane laifi abin da ake biya da kifi, kuma wanda ake iya biya ba a jin nauyinsa. Manhajar hira ta iya magana amma an gina ta ne domin ta faranta wa wanda ke gabanta, Kawu kuwa aikinsa ya haɗa da ƙin farantawa a wasu ranaku. Abin da ya yi aiki shi ne dalili, da tunawa, da bambancin saurin hucewa, da kuma aron hanyoyin da masu wasan suka riga suka iya karantawa tun suna goye. Gaisuwa mai matakai biyar ta isar da abin da kan nan mai motsin gira ya kasa, kuma ba ta zafafa waya ba. Ina kuma ganin gyaran wata na 12 ya kai sabon ginin muhimmanci, domin kawaici ba tare da mai shiga tsakani ba gaba ce kawai.

Dole a faɗi iyakar wannan sakamako. Mutum 14 ba su da yawa, yawancinsu sun san matashin, kuma mai yiwuwa wani ɓangare na ladabin da suka nuna wa Kawu nauyin Yayan nasu ne da ke zaune a gefe. Ba a kuma gwada wasan a wurin yaran da suka tashi nesa da irin wannan tarbiyya ba. Akwai kuma haɗarin da na damu da shi tun ranar da na ga yaron nan ya rage murya: halittar da ke sa yaro jin laifi tana iya zama igiyar da za a ɗaure shi da ita a jikin waya, kamar yadda Tamagotchi, abin wasan Japan na 1996 mai ɗauke da wata ƙaramar halitta da ake kiwo a allo, yake ci gaba da jin yunwa ko an ajiye shi, har ya mutu idan an yi sakaci. Matashin ya yanke shawarar da nake goyon baya, cewa lokacin Kawu yana tsayawa da zarar an rufe wasan, don haka yaron da ya yi sati yana jarrabawa zai dawo ya tarar da tsohon yadda ya bar shi.

Raunin da ya rage a fili shi ne Inna. Tana fassara zuciyar mijinta, tana sa baki, amma ita kanta ba ta da tunawa ko yanayi, kuma 'yan matan da suka yi gwajin su ne suka fara lura cewa ko sau goma aka aike ta biko ba ta gajiya kuma ba ta taɓa jin haushin kowa ba. Matashin ya buɗe mata sabon shafi a littafinsa, ya kuma nemi gwaggonsa ta kai shi wurin matan da ke bandar kifi a ƙauyensu idan ya je gida bayan hunturu.